Fitilar Gimbiya Nuriyya

Matamaye, Litinin

Zuwa ga Yaya Kande,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya mutanen Damagaram? Inna na gaishe ki.

Yaya, ina fitilata mai caji da rana, wadda muka saya ta wayarki da kika zo hutu? Mutanen shagon nan na Yamai sun ce kwana biyar "na aiki". To wai akwai ranar da mota ba ta aiki? Ko kwanan 'yan birni ya fi namu tsawo? Tun da sojoji suka hau aka rufe iyaka, wuta sai ta ga dama. Gero bai yi ba bana, Baba ya ce ba zai bar cefane ya sayi batir ba. Jarrabawar gwaji saura kaɗan, ni kuwa da magariba ta yi sai na rufe littafi. Ki duba wayar, ki ba Idrisa direba amsa.

Ƙanwarki,
Sa'a

Damagaram, Talata

Sa'a,

Na amsa, ki gaishe da su Inna. Na duba. Kwalinki ya fi ni yawon duniya: ya kwana Doso, ya yi zaman makoki a Maraɗi, ya wuce ku ya zo nan, sannan ya koma. Yanzu an rubuta yana tashar Matamaye, wai "ba a samu mai shi ba". Garin da in akuya ta yi atishawa kowa ya san ta gidan wa ce! Ragwaye kawai. Sun ce in Juma'a ta wuce za su mayar Yamai.

Kande

Matamaye, Laraba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ragwaye ma kin yaba musu. Jiya wani ya zo layinmu da moto, babur ɗin nan na 'yan aike, silifas ɗinsa ɗaure da waya, ya tsaya yana kwarara kira kamar mai tallar kifi. A littattafan soyayya ɗan aike sallama yake a hankali, ya miƙa saƙo da hannu biyu. Wannan kuwa Baba na zaune ƙofar gida da su Malam Shekara, ya dinga ihu har yara suka taru. Duk majalisa aka kwashe da dariya, Baba har da share hawaye, ya ce masa nan ba fada ba ce. Ina bayan ƙyaure ban fita ba. Mutanen garin nan ba su san abu mai kyau ba, Yaya.

Ba za a iya cewa ya dawo lokacin da Baba ke masallaci ba?

Taki har kullum,
Sa'a

Damagaram, Alhamis

Ranki ya daɗe,

Na buɗe wurin sunan mai karɓar kaya, wanda na ba ki wayar kika cika da hannunki. "Gimbiya Nuriyya"! Sa'a, ke da in baƙo ya yi sallama kike shigewa bayan randa? Na zagi bawan Allah mai moton nan a banza. Kwana nawa yana zaga Matamaye cikin rana yana neman 'yar sarki, alhali tana tsugune bayan ƙyaure tana raina masa silifas.

Na kira shi. Ya ce ya gama ƙona mansa. Mai kwali ta zo tasha da bakinta ta ce ita ce, ko wani babba daga gidan. Gobe Juma'a. Ki zaɓa: kunya ko jarrabawa.

Baiwarki,
Kande

Matamaye, Asabar

Yaya,

Gaisuwa. Na kai bakin tasha na kasa shiga. Na dawo na faɗa wa Baba, idona a ƙasa. Ya sa hularsa ya fita. Idrisa ya ce gaban kowa Baba ya tsaya a tasha ya ce, "Ni ne uban Gimbiya."

Yanzu in ya doso majalisa sai su Malam Shekara su miƙe suna "Allah ya ja zamanin Sarki". Fitilar tana ɗakinsa, littattafaina na soyayya kuma suna ƙarƙashin katifarsa. Karatu a gabansa nake yi, lissafi zalla.

Tana da haske ƙwarai. Kada ki faɗa wa kowa a Damagaram.

Sa'a kawai