Yayen Jabir

Birnin Tsaba
Zuwa ga jikata Mardiyya,

Kafin gaisuwa, cinka mini wannan: wata 'yar ƙarama tana zaune bisa kan uwarta, kowa ya shigo gida sai ya sumbace ta, mai gida da baƙo, ba ta ƙin kowa. Wace ce?

To, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu, ina maigidanki? Tunda anka kashe layukan waya a jiharmu, ga ni na koma ga rubutun ajin yaƙi da jahilci. In kin ga wani harafi ya kwanta, tashe shi. Halilu direba zai kawo miki.

Ɗanki Jabir, wato sabon angona, ya karɓi yaye kamar namiji. Ya yi kukan nono, ya laluba nawa ya iske fanko, ya zage ni da yarensa, ya koma ga kunu. Kar ki kuskura ki taho sai ya manta da ke, kin san in ya gan ki aiki ya ɓaci.

Gida cike yake da baƙi, mutanen da 'yan bindiga sunka koro daga ƙauye. Wanda duk ya shigo sai in nuna masa randa. Amai da gudawa na ɗan yawo cikin gari, amma ina turara ɗaki safe da marece.

Allah ya yi miki albarka.
Kakarki, Tasalla

Ƙaura Namoda
Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ga saƙonki, amma hankalina bai kwanta ba. A makarantar koyon aikin lafiya an karantar da mu wata annoba ta ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wadda ta cinye garuruwa daga ƙasar Larabawa har ta Turawa. Mutanen lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce, suka yi ta ƙona turare, alhali ƙuma ce a jikin ɓeraye, tana bin jiragen fatake. Kaka, turarenki irin nasu ne. Wannan cutar ta ruwa take bi. Ki tafasa ruwan sha, ki ware wa Jabir kofinsa. Don Allah ki ba Halilu shi ya kawo mini, yayen ya ɓaci ɗin.

Ki gaishe mini da baƙi. Na bar ki lafiya.
Mardiyya

Birnin Tsaba
Malama likita,

Wa'alaikumus salam, ina wuni. Ashe har ɓerayen Turawa kuke karantawa? Namu na rumbu suna gaishe ki, sun ce ba su taɓa hawa jirgi ba.

Na tafasa ruwan rana guda, baƙi sunka ce ɗanɗanonsa kamar na jinya. Kofi kuwa, ki ji kunya! In ware ma jinina kofi gaban mutanen da sunka baro gidajensu da zane ɗaya? Ai sai su ce ƙyamarsu nake.

Zancen kawo shi, na tambayi liman. Ya ce in annoba ta faɗa gari, na ciki kar ya fita, na waje kar ya shiga. Ga shi kuma yaron ya kusa mantawa. Jiya ya kira ni Inna, na ce kai maƙaryaci, matarka ce. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Ni na yaye uwarki, ni na yaye ki, wace ta lalace?

Ɗaya daga cikin baƙin, Kulsumu, ta rasu. Ki sa ta a addu'a.

Ba ki amsa tambayata ba, ko ta fi ƙarfin boko?
Kakarki

Ƙaura Namoda
Kaka,

Ina gaisuwa. Ba ni da zuciyar cinke-cinke. Wata mata daga Shinkafi ta ce a unguwarsu gida guda an fitar da yara biyu. Ranar Alhamis zan shigo motar Halilu. Ba zan shiga gari ba, ki miƙo mini shi a bakin hanya. Na saya masa takalmi mai ƙara.

A huta lafiya.
Mardiyya

Birnin Tsaba
Mardiyya, ɗiyata,

Assalamu alaikum. Kar ki shiga motar. Zauna ƙasa ki karanta.

Ciwon ya kama shi da hantsi. Na goya shi, munka nufi Zurmi a kan babur, yana ta sanyi a bayana. Ba mu kai ba. Anka yi masa sutura kafin la'asar.

Bai manta da ke ba. Ni na so in yarda ya manta. Sunanki ne bakinsa har ya yi shiru.

Ma'aikatan lafiya sun zo, sun zuba magani a rijiya, sun bi gidan da kallo. Ɗayansu ya tsaya ƙofar ɗakina, ya ɗauki abu guda ya ce, "Iya, mutum nawa ke sha da wannan?" Na ce kowa. Ya ce, "Har yaron?" Na ce da hannuna nake ba shi.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne.

Amsar tambayar, moɗa ce. Moɗar da ke bisa randata.
Tasalla