Hannun Da Ya Ƙi Buɗewa

Zuwa ga abokina Chidi, wanda mu 'yan Zariya muke kira Ɗanladi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma ruwan Aba da ka ce ba ya ɗaukewa. Ni ne Yusha'u. Yau Lahadi ce, an idar da azahar, ina zaune a ɗakina na Samaru. Sau uku na nemo lambarka tun safe ban danna ba, shi ya sa na zaɓi in rubuta. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka ta waya yau ɗin nan, kuma na san wasu za su karanta. Su karanta.

Gobe Litinin Mama, mahaifiyarka, za ta shimfiɗa mini leshin amarya a teburin yanka na shagonmu na Sabon Gari. Yadi biyar ne cif, daga Legas aka kawo shi, babu irinsa a kasuwa. Ta ce idan na yanka shi, teburin nawa ne kamar yadda yake shekara goma sha bakwai. Idan ban iya ba, akwai wani tela a Kaduna da ke jiran kiranta. Ban ga laifinta ba. Wata huɗu ke nan ita ke yanka, ga idonta ya yi rauni.

Ka san ɗan acaba ya kayar da ni a hanyar Samaru, na karye a tsintsiyar hannun dama. Mai ɗori na Bomo ya ɗora, ƙashi ya kama. Daga nan na je asibiti sashen gashin ƙashi. Matar da ta duba ni ta ba ni wata 'yar roba irin ta ɗaure kuɗi, ta ce in zura yatsuna biyar a ciki, in riƙa buɗe su a hankali, safe da yamma. Na karɓa na yi godiya. A raina kuwa na ce wannan wasan yara ne.

Ka tuna katun ɗin Japan na mayaƙan ninja da muke kallo a bayan shago? Kai kake sayo faya-fayan a kasuwa. Ranar Lahadi ka taso daga coci, ni na hawo mota daga Samaru, mu kunna ƙaramin talabijin ɗin Mama a tsakanin kekunan ɗinki. Fassarar Turancin da ke ƙasan allo tana wuce ni, sai na sayi littafi ina rubuta abin da jarumin ya koya a kowane faifai. Ka sa mini suna Magatakarda. Ka ce ni kaɗai ne a duniya nake ɗaukar darasi a gaban katun.

Har yanzu littattafan suna nan, guda uku, a cikin akwatin ƙarfena.

Da hannu ya karye, jarumin nan ne ya fara faɗo mini a rai. Yaron da ya fara ba shi da komai sai zuciya, kowa ya bi ta kansa, daga baya ya zama naushinsa ɗaya yana tsaga bango. Na sauke fim ɗin a waya. Amma ban buɗe akwatin ba, Ɗanladi. Tsallake farkon na riƙa yi, ina tafiya kai tsaye wurin manyan faɗace-faɗacen, inda yake dunƙule hannu ƙasa ta girgiza. Abin da nake so in gani ke nan.

Na sayi ƙwallon tanis. Na ja layuka a littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum: rana, lokaci, sau nawa na matse. Na fara da talatin. A mako na shida ina yin ɗari huɗu. Robar asibiti kuwa Rabi, matata, ta tsince ta a ƙasan gado ta ɗaure ledar daddawa da ita. Asibitin ma na daina zuwa.

Hannu ya yi ƙarfi, wannan gaskiya ne. A masallaci na gaisa da liman sai da ya ce in sassauta masa. Na ɗauki jarkar ruwa daga rijiya zuwa gida ban sauke ba. Makon jiya na je shago na riƙe hannun Mama na matse, ta yi dariya ta ce na warke ke nan. Na ce mata na warke sarai. Ni da bakina na faɗa.

Ranar Alhamis na ciro babban almakashina, na shimfiɗa tsohuwar jarida a tabarma don in gwada kafin Litinin. Na zura yatsu na rufe. Ya ci takardar tsaf. Sai na zo buɗewa.

Bai buɗu ba.

Babban yatsan ya tsaya inda yake kamar ba nawa ba. Na yi ta turawa har gumi ya jiƙa mini riga, bakin almakashin ya ɗan rabu kaɗan, bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Sai da na sa hannun hagu na raba shi. Na sake gwadawa sau goma sha ɗaya, na rubuta kowanne. Shekara goma sha bakwai ina yanka, ban taɓa lura cewa rabin aikin almakashi buɗewa ba ne.

Juma'a da safe na koma asibiti. Matar ta ɗora hannuna a tebur ta ce in shimfiɗa shi. Yatsun suka tsaya a lanƙwashe kamar na riƙe lemo. Ta tambaye ni robar. Na ciro littafina na nuna mata lissafin ƙwallo. Ta daɗe tana duba shafukan, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce na ƙarfafa jijiyoyin rufewa sun rinjayi na buɗewa, ga gaɓoɓin sun sandare. Wataƙila gyaran ya ɗauki wata biyu, wataƙila fiye. Na tambaye ta ko zai dawo duka. Ta ce ba za ta yi mini alƙawari ba.

Jiya na buɗe akwatin.

Ɗanladi, ashe jarumin nan bai naushi kowa ba sai a faifai na tara. Da rubutuna na gani. A faifai na farko yana kai duka ido rufe, ana ɗaga shi ana makawa da ƙasa. Wani tsohon malami da ya karɓe shi bai koya masa duka ba, faɗuwa ya koya masa: yadda zai saki jiki, ya tari ƙasa da tafin hannu. Faifai biyu cur yana faɗuwa. Na rubuta a gefe cewa wannan ɓata lokaci ne. Sannan tsayuwa, da inda ake ajiye nauyin jiki. Sannan gocewa. Sannan kallon kafaɗar abokin faɗa, don ita ke fara motsi kafin hannu. A faifai na shida zuwa na takwas tsohon ya hana shi dunƙule hannu ko da wasa, da tafi yake ture duk abin da aka kawo masa. Duk wannan na tsallake shi a waya.

A littafi na biyu akwai faɗansa da babban abokin hamayyarsa a kan gada. Na rubuta cewa da naushi ya ci nasara. A ƙasan layin ga rubutunka da jan biro, irin wanda Mama take rubuta awo da shi: “Mumu, wawa kawai, koma baya ka duba. Hannunsa a buɗe yake.”

Na tuna ranar. Mun yi ta musu har wutar lantarki ta ɗauke, ka je ka tayar da janareta don kawai ka nuna mini. Kai ne da gaskiya. Tafi ya buɗe ya tari naushin, ya juya da shi, mutumin ya wuce da ƙarfin kansa. Ban goge nawa rubutun ba, ban kuma gyara ba. Ka san halina.

Rabi ta ce in je in gwada, wataƙila idan na ga leshin hannun zai tuna aikinsa. Na yi tunanin haka. Na ma yi tunanin in yanka da ƙaramin almakashi, ina ɗan cizawa kaɗan-kaɗan, Mama ba za ta gani daga kujerarta ba. Amma ni na san yadda gefen zai fito. Kuma yarinyar da za a aurar, ni na ɗinka mata kayan makarantarta na farko.

Ga abin da na yanke. Zan isa shago kafin a buɗe. Zan ɗora hannuna a teburin yanka in shimfiɗa shi iya inda ya tsaya, in ce wa Mama na yi mata ƙarya. Zan roƙe ta ta bar mini alli da tef, in auna in zana, ita ta bi layina da almakashi, har wata biyu. Ban san me za ta ce ba. Ka fi ni sanin mahaifiyarka: tana yafe ɓarnar yadi, amma ƙarya tana daɗewa a ranta. Idan ta kira mutumin Kaduna, ni zan nuna masa inda ƙafar teburin take rawa.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka kira ta. Na san kana gama karantawa za ka ɗauki waya, kuma na san ba ta iya ce maka a'a. Idan ta bar ni saboda kai, kullum na shiga shagon nan zan riƙa tambayar kaina. Ka bari ta ga hannun da idonta.

Na kwance robar daga ledar daddawa na wanke ta. Yau da safe na yi sau goma. Tsakanin babban yatsa da manuni, kwalin ashana yana shiga ta siririn gefensa. Na buɗe sabon shafi na rubuta a sama: faifai na ɗaya.

Allah Ya tsare mini kai a inda kake, Ya raya maka zuri'a, Ya ƙara wa Mama lafiya da hasken ido. Ni kuma Ya ba ni bakin faɗar gaskiya gobe da safe, Ya sa kada in dunƙule hannun idan ta miƙo nata ta duba. Ka yi mini addu'a irin taku, ni ma ina yi maka irin tamu.

Naka har kullum,
Yusha'u Magatakarda
Samaru, Zariya