Agolan Gilashi

Kura,
9 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga ɗana Taufiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Muhsina, da fatan shagon hoto yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke tashi in an yi sanyi. An sako ruwa a kanal, tumatir ya nuna, kwanduna sun cika hanyar Kwanar Gafan. Ƙanwarka Rumaisa tana gaishe ka, ko da yake kai ba ka gaishe ta ba.

Takardarka ta iso ta hannun Bilya direba. Na karanta na sake karantawa, domin da farko ban yarda ɗan da na haifa ne ya rubuta ta ba. Ka ce an cuce ka a rabon gadon mahaifinku. Cuta kalma ce mai nauyi, ba a jefa ta kan manya don kawai rai ya ɓaci. Tunda ka manta yadda aka yi, bari in tuna maka.

Marigayi ya bar kyamara biyu. Akwai tsohuwar da ya yi shekaru yana rataye da ita daga Kura zuwa Bunkure, akwai sabuwar da ya saya dab da ciwon ajalinsa. Kowace da gilashinta na gaba. Baffanku Baballe, ƙanin mahaifinku, ya so ya yi adalci irin yadda ya saba raba buhunan shinkafa, kowa ya sami sabuwa ya sami ta bara. Sai ya kwance gilasan, ya ɗaura tsohon gilashi a sabuwar kyamara, sabon gilashi a tsohuwa. Baki ya shiga baki, ya yi ƙas, kowa ya ce alhamdu lillahi. Kai aka ba zaɓi, ka miƙa hannu ka ɗauki sabuwar tun kafin Liman ya rufe baki. Tsohuwar ta zama rabon Rumaisa. Sauran kayan shago duk suka bi ka bisa rabon namiji. To ina cutar?

Yanzu ka ce gilashin ya ƙi saita kansa a jikin sabuwar. Ya yi gaba ya yi baya yana kuka kamar sauro, fuska ta ƙi fitowa tar, har ka ɓata fim a bikin mutanen Panshekara. Na yi maka jaje. Amma wannan ba sihiri ba ne, kuma ba hannun Rumaisa a ciki. Mahaifinku agola yake ce wa gilashin nan. Ba kamfanin kyamarar ne ya ƙera shi ba, wani kamfani ne daban ya yi shi da araha don ya shiga bakinta. Tsohuwar kyamara tana jin yarensa. Da suka fito da sabuwa sai suka sauya yare, agola bai sani ba. Shi ya sa marigayi bai taɓa haɗa su ba. Na san haka tun yana raye, amma ranar rabo ina cikin ɗaki, ba wanda ya tambaye ni.

Akwai ɗan makunni a gefen gilashin. Ka tura shi, ka riƙa murza zoben da hannunka har fuska ta fito. Kafin a yi na'ura mai saita kanta, da yatsu mahaifinku ya ciyar da ku, kuma ba wanda ya taɓa mayar masa da hoto.

Batun musaya kuwa, na yi wa Rumaisa magana. Ta ce ba komai, tunda tsoho da tsohuwa sun saba da juna. Ka aiko da shi mu gwada. In lafiyarsa lau, ta ba ka sabon. Amma ka fara rubuta wa Baffanka ka ba shi haƙuri. Kuskure ya yi, bai ci naka ba.

Ka kula da salla a kan lokaci. Ka gaida Muhsina.

Mahaifiyarka,
Halimatu Sa'adiyya

Kura,
23 ga Fabrairu, 2004

Taufiq,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai abin da ka jawo.

Gilashi ya iso, naɗe cikin tawul kamar jariri. Rumaisa ta ɗaura shi a tsohuwar kyamara, ta auna ni ina tsince shinkafa a tsakar gida. Ko motsi bai yi ba. Ta tura makunnin ta gwada da hannu, zoben ya ƙi juyawa. Da ta girgiza shi sai muka ji wani abu yana ƙara a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Na sa tabarau na duba bayansa, na ga kawunan kusoshin duk an cinye su da sukudireba.

Na kira Bilya na tsare shi. Ka san ba ya iya yi mini ƙarya, ni na yi wa uwarsa wankan jegonsa. Ya ce shi ya sauke ka a Sabon Gari wurin mai gyaran rediyo, tun kafin ka rubuto mini takardar farko. Mutumin ya ce maka zai sauya wa gilashin ƙwaƙwalwa ya ji yaren sabuwar kyamara, ya buɗe, ya kasa mayarwa.

Ashe ka san gawa ka naɗo mana. Ka so ƙanwarka ta miƙa maka mai rai ta karɓi matacce, in ta yi kuka a ce hannunta ne. Ɓata gilashi ba laifi ba ne, kowa na ɓata abu. Ɓoyewar ce ta tsaya mini a wuya. Mahaifinku in hoto ya lalace a wanki, da ƙafarsa yake zuwa gidan mai shi ya faɗa.

Babu musaya. Ga abinka nan na mayar maka a cikin tawul ɗinka.

Mahaifiyarka,
Halimatu Sa'adiyya

Kura,
15 ga Maris, 2004

Zuwa ga ɗana Taufiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Muhsina da jiki. Sai a bakin Baffanka na ji cewa watan haihuwarta ya kama. Allah ya raba lafiya. Ka hana ta ɗaukar bokiti, ka kai ta awo, kada ka ce aiki ya yi maka yawa.

Jiya da hantsi Baffanka ya zo da saƙonka. Haƙurin da na ce ka ba shi ba ka ba shi ba, amma ka san hanyar gidansa da za ka aiko shi. Ya zauna a zaure ya jero mini dalilan da za su sa a ba ka sabon gilashin. Wai kai ne namiji, sunan marigayi yana kan allon shagonka. Wai ga iyali na ƙaruwa. Wai Rumaisa gobe za ta yi aure ta kwashi kayan marigayi Maharazu ta kai gidan wani. Wai hoton mace wasa ne, kafin ta sami miji.

Wasa? Ya je ya tambayi matan Islamiyyar unguwarmu da suka yi walimar sauka makon jiya. Tsofaffi ne a ciki, sa'o'ina, waɗanda ba su taɓa yarda namiji ya auna musu kyamara ba. Rumaisa ta shiga har cikin gida ta ɗauke su riƙe da allunansu. Iya mai ƙosai ta rungume hotonta tana kuka, ta ce yanzu jikokinta za su san fuskarta. Matan da ke turara shinkafa a bayan injin casa sun kira ta, na Bunkure sun aiko. Inda mahaifinku ya tsaya a ƙofar gida duk rayuwarsa, nan 'yarsa take wucewa da sallama. In wannan wasa ne, Allah ya ƙara mana irinsa.

Rumaisa tana jin mu daga ɗaki. Ta fito da gilashin a hannu, ido ya yi ja, ta ce a ba ka a huta, ba ta son a ce ta raba uwa da ɗa. Na karɓe shi daga hannunta. Ni da na tashi agola a gidan mijin uwata, na san yadda yarinya ke koyon miƙa nata don a zauna lafiya, kuma na san ba a taɓa zama lafiyar. 'Yata ba za ta koya a gabana ba.

Na ce wa Baffanka rabon gado ba a warware shi gefe guda. In za a kwance, a kira Liman a kwance duka, har da gonar bakin kanal da ta faɗo a rabonka, wadda shi Baffan ya dasa wa albasa bana. Ya tashi yana neman takalminsa, alhali yana ƙafarsa.

Kafin ya fita ya faɗi sauran saƙon. Wai in ba a ba ka gilashin ba, in Muhsina ta haihu ba za ka aiko mana da goron suna ba. Na kwana da maganar nan, ba zan ɓoye maka ba, ta yi mini ciwo. Amma ka saurara da kyau. Sabuwar kyamararka lafiyarta lau. Ka nemi gilashin da ya dace da ita, ko ka yi aro wurin abokan sana'a har Allah ya hore maka, kuma wannan karon ka tambayi masu hoto, ba masu rediyo ba. Wannan ita ce hanyar mutunci, kuma ina yi maka addu'a a kanta.

Goro kuwa, riƙe abinka. Kaka ba ta jiran gayyata. Ranar suna za ka gan ni a gidanka na Kumbotso da sassafe, da ƙafar nan tawa mai ciwo, Rumaisa tana bayana da jakarta. Za ta shiga ɗakin mai jego inda kai ma sai ka yi sallama, ta ɗauki jikana hoto, mu wanke mu aiko maka kyauta. Da la'asar kuma ta mayar da gilashinta cikin jaka, mu hau motar Bilya mu dawo Kura da shi.

Allah ya shirye ka, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Halimatu Sa'adiyya