Zumar da Na Ba Baƙona

Zuwa ga Babban Likita mai duba ɗakunan shan magani na ƙasarmu.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah shi daɗe da ranka. Ni malamin elementare ne a Sabon Birni, kuka na kawo.

Na farko. Bara da kaka mutane suka ƙetaro iyaka daga ƙasar da Faransa ke mulki, suna gudun aikin dole. Dangi ne, Gobirawa irinmu, kowane gida ya ɗauki nasa. Ni na sami Arzika, maɗinki, da matarsa Ige. Bai jima ba ya fara rama, ga ƙishirwa ba iyaka, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari.

Na biyu. Sau biyu na ɗora shi bisa jaki zuwa ɗakin shan magani. Zuwan fari aka ce sunansa ba ya cikin mutanen hakimi. Zuwa na biyu aka ba shi kwinin, ba a tambaye shi komai ba.

Na uku, wanga laifina ne. A wurinmu baƙo mara lafiya ba ya shan fura gaya. Na aika yarona Isa aka sawo zuma, kullum safe ni da hannuna nike dama masa, har da sukari in ya samu, wai ya yi ƙarfi. Yana sha yana sa mini albarka. Ƙayar da ta soke shi a ƙafa ta zama gyambo, kafin shuka muka binne shi. Bayan sadakar arba'in wani tsohon soja ya faɗa mini ciwon sukari ne, zaƙi ke hura shi. Ni da ke koya wa yara tsabta da lissafi ban sani ba.

Yanzu Ige ce ke kwance da ciwon kai da jiri, ƙafa a kumbure, haka ma maƙwabcina, haifaffen garin nan. Sojan ya ce ko hawan jini ne, a rage gishiri. Matata kuwa romo mai gishirin manda take kai mata, don girmamawa.

Roƙona, a aiko mai awon jini da fitsari ran kasuwa, ya duba kowa, baƙo da ɗan gari. A rubuto muna abin da za a bari, da boko da ajami. Za ni koya wa yara, su kai gida gida.

Sauran zumar na nan a rataye. Kwanon Ige kuwa gobe ma za a kai, ban san abin da za ni ce a zuba ba.

Allah shi ƙara maka lafiya da tausayin talakawa, amin.

Wassalam.