Baba Yana Zaune da Takalmansa a Ƙafa

Gwaggo Sa'ida, don Allah ki taimake ni, ki duba min wata dabara kafin in aiwatar da ita.

Ni ce auta a gidanmu, ina aure a Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Babanmu masunci ne a Argungu. Tun rasuwar Innarmu shi kaɗai yake zaune, Yaya Kulsumi da ke aure kusa da shi take aika masa abinci. Bayan babbar salla ya faɗi a banɗaki, aka ce hawan jini ne. Sai Yaya Maiwada, ɗan farin Baba, ya je da mota ya ɗauko shi zuwa gidansa a Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi, bai shawarci kowa ba. Tun daga ranar ko gaisawa ba sa yi da Yaya Kulsumi. Ita ta ce ya raba tsoho da gidansa don a yaba masa. Shi ya ce a hannunta Baba ya faɗi, kuma ai Baba bai taɓa yi masa ƙorafi ba.

Gaskiya Yaya bai rage shi da komai ba, ga ɗaki mai fanka, ga magani a kan lokaci. Amma duk zuwan da zan yi, sai in tarar da shi zaune a bakin gado da takalmansa a ƙafa, kamar mai jiran mota. Ya rage cin abinci, ya rame. Ba ya tambayata komai sai ko gulbi ya kawo ruwa, da lafiyar Baffa Tamba, amininsa da suka tsufa tare a kwalekwale ɗaya. Rannan na ga yana ƙulla zaren labule irin ƙullin tarun kamun kifi, na fita waje na yi ta kuka.

Ni mai karatun littattafai ce sosai, har maigidana Taufiq ke cewa ko tuwo na ƙonewa sai na kai ƙarshen babi. Na kuma lura a littattafan 'yan'uwa ba sa shiryawa sai sun haɗu a kan mara lafiya. Don haka na yanke in buga wa Yaya Kulsumi waya in ce jikin Baba ya rikice. Har na gama ganin abin a raina: ta shigo da mayafi a hannu, su haɗa ido da Yaya Maiwada, hawaye ya wanke komai. Taufiq ya ce babu ruwansa. Ni dai na tabbata dabarar za ta yi, ƙarfin gwiwa kawai nake nema.

Autar Baba, Nasarawa

'Yata Auta,

Kada ki buga wannan wayar. Ki tuna Kulsumi za ta hau hanya a gigice, kuma ranar da kiran gaske zai zo, Allah Ya nisanta ta, sai ta tsaya tunanin ko wasa ne. Ko sun yi kukan, bayan sun share hawaye tambayar tana nan: ina Baba zai zauna?

Yayyenki duka suna da gaskiya. Maiwada tsoron wata faɗuwar yake yi, Kulsumi kuma zafin zargin da aka ɗora mata take ji, bayan hidimar da ta sha. Amma kin faɗi wata magana kin wuce ta da sauri: Maiwada ɗan fari ne. Tsoho irin babanku wataƙila ko sunansa ba ya faɗa, balle ya dube shi ya ce ba ya son zama a gidansa. Alkunya ce ta rufe masa baki, Maiwada ya ɗauka yarda ce. Ke kuma auta ce, za su ce yarinta.

Mai sulhu kuke buƙata, kuma kin riga kin ambace shi. Ku shirya ke da Taufiq ku je Argungu wurin Baffa Tamba. Ku roƙe shi ya fara zama da Baba su biyu rak, don abin da uba ba zai gaya wa ɗansa ba, zai gaya wa amininsa. Sannan ya saurari Maiwada da Kulsumi daban-daban. Sai bayan nan ya tara ku, a gidansa, ba gidan ɗayansu ba, da sharaɗin ba za a koma kan wa ya jawo faɗuwar ba.

A tattauna abin da ke gaba. Idan Baba zai koma gida, wane babba ne zai riƙa kwana da shi, wa zai kula da maganinsa, wa zai kawo shi ganin likita? Idan likita ya ce bai kamata ya koma yanzu ba, to a riƙa kai shi yana ganin gulbi, Kulsumi kuma ta shiga Gwadangaji ba tare da an ɗaure mata fuska ba. Ki shirya jin abin da ba ki zata ba, don zaɓin na Baba ne.

Idon da ya lura da takalman nan ido ne mai kyau, ki gaya wa Baffa Tamba abin da kika gani kamar yadda kika rubuto min. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya daidaita tsakaninku, Ya nuna miki ranar da za ki tarar ya cire takalmansa ya miƙe ƙafa.

Gwaggo Sa'ida