Ihun da Norio Bai Ji Ba

Gaɓar Kujukuri, Chiba,
farkon watan Satumba.

Zuwa ga Yayata Teruko,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Seiji da yara da jikoki. Yaya sanyin São Paulo? Ku kuna shirin fita daga hunturu, mu kuwa zafi ya dafa mu har ya gaji. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sake ki, ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan muna lafiya. Lokacin hutun Obon na tunawa da magabata mun je kabarin su Baba da Inna, mun share, mun zuba ruwa, mun kunna turare da sunanki. Gyaɗar bana ta yi kyau, jiya na dafa ta farko na tuna da ke. 'Yarmu Chinatsu na ta kai-komo wajen tela, ta rame kamar ba ita ce amarya ba, kullum sai na yi mata faɗa kafin ta ci abinci.

Ita ce ta gaya mini an nuna miki bidiyon nan a waya, kuma hankalinki ya tashi kina tambaya ko an fasa biki. Ba a fasa ba, yana nan a watan Oktoba. Amma gara ki ji yadda aka yi daga bakina, don maigidana, ƙaninki Norio, ba zai taɓa gaya miki ba. Ko a waya kin san shi, daga "to" sai "to".

Bana tun da damina ta ɗauke teku ya kwanta. Igiyar ruwa ba ta wuce gwiwa, ranar da aka yi sa'a ta kai ƙugu, kuma kafin hantsi iskar kudu ta taso ta dagula ta. Amma mutane ba su fasa zuwa ba. Tun kafin gari ya waye motocin Tokyo sun cika filin ajiye motoci, har bakin gonar Harumi, uwar ango, ake ajiyewa. Ga makarantun koyon hawan igiyar ruwa a kan allo da ɗalibansu cikin riguna ruwan ɗorawa, an jera su kamar 'yan agwagwa. In kin tsaya a kan katangar teku kika duba, kawuna ne baƙi ƙirin kamar an zube kankana a kasuwa, kowa zaune kan allonsa yana jiran abin da ba ya zuwa. Ni a shagona ban ga ta zama ba, ga masu neman taliya, ga layin masu wankan ruwan daɗi. Tsofaffinmu kuwa kullum sai ƙara sammako suke yi, suna fitowa suna mita, wai tekun da suka girma a ciki ya zama tashar jirgin ƙasa.

Ƙarshen Yuli aka samu wata safiya igiya ta ɗan ɗaga, ta kai ƙirji. Kowa ya gani a waya, kowa ya zo, duk suka taru a wuri ɗaya kusa da shingen duwatsu. Kin san dokarsu ba ta canza ba tun kina nan: igiya ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda ta fara karyewa shi ke da ita, in ya yi ihu kowa ya janye. To, wata babba ta zo, mai ita kuwa Tamotsu ne, baban Ryohei angon namu, aminin ƙaninki, wanda kike korar su tare daga madafa suna yara. Ya miƙe a kan allo, ya yi ihu, duk wanda ke ruwan ya ji. Norio yana ɗan gabansa, rana na fitowa ta wannan ɓangaren, ya tuƙa ya miƙe shi ma. Suka yi karo. Bakin allon Norio ya fasa wa Tamotsu saman ido, kuma allon nan shi Tamotsun ne ya sassaƙa wa Norio da hannunsa.

Da a nan abin ya tsaya, da ba komai, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne abin da kika gani a bidiyo. Ruwa ya wurgo Norio can bakin gaɓa, bai ga da wa ya yi karo ba, ya ɗauka wani baƙo ne. Ya tattara allonsa ya hau yashi a fusace. Tamotsu na tsaye cikin ruwa, jini ya rufe masa rabin fuska, yana kiran sunansa da iyakar muryarsa, ƙaninki kuwa bai ko waiwaya ba. Baƙi suna ɗauka da wayoyinsu. Ryohei ne ya kai babansa asibiti aka yi masa ɗinki.

Sai da rana tsaka Norio ya ji labari. Launin fuskarsa ya canza, ya ɗauki kankana ya nufi gidansu. Harumi, matar Tamotsu, ta gaya mini mijinta ya fito da bandeji ya tsaya a ƙofa, ya ce shi ba ruwansa da kankana, kuma ido ba komai ba ne, ya sha faɗuwa kafin yau. Abu ɗaya yake so ya ji, me ya sa yana kira aka ba shi ƙeya kamar kare. Norio ya yi ta kallon ƙasa, can ya ce wai cikin wannan taron kowa ihu yake yi, wa zai san na wa ne. Tamotsu ya ce ashe bayan shekara hamsin muryarsa ta zama ta kowa. Ya ja ƙofa ya rufe.

Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni na san ƙaninki bai ji kiran nan ba, don kunnensa na dama ya daɗe da toshewa, na hagun ma saura kaɗan. Ciwon masu daɗewa a ruwan sanyi ne, ƙashi ke tsirowa a cikin kunne har ya rufe hanya. Na gane tun bara, daga yadda yake ƙure ƙarar talabijin, da yadda yake karkato kai in ana magana. Da na tare shi ya sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Ba girman kai ne kaɗai ba. Kina tuna tsoho Enomoto? Lokacin da idonsa ya yi rauni ya fara buge yara a ruwa, Norio aka tura gidansa ya ce masa ya haƙura haka nan. Tsohon bai yi musu ba, ya sayar da motarsa, kuma har ya rasu bai ƙara saukowa gaɓa ba. Ƙaninki ya san dokar da ya kai wa wani ita ce ke jiransa.

Haka aka shiga Agusta. Tamotsu ya koma shiga ruwa can arewa da shinge, Norio na kudu. Ranar Lahadi da ake taruwa a tsince shara a gaɓa, mutane suka rabu biyu, kowane ɓangare da buhunansa. Masu cin abinci a shagona in na juyo sai su yi shiru. Wani yaro ma da Norio ya koya wa tsayuwa a kan allo ya ce wai tsofaffi ke kafa doka kuma su ke karya ta. Sai kuma Tamotsu ya aiko cewa biki na yara ne ba zai hana ba, amma shi ba zai zauna teburi ɗaya da mutumin nan ba. Ryohei ya ce ai babansa na da gaskiya, Chinatsu ta ce nata uban ba mugu ba ne, suka yi mako ba sa magana. Ranar da na same ta a bayan shago tana kuka a kan kwandon albasa, na ce abin ya isa haka.

Na cire gyalen aiki na tafi shagon Tamotsu na gyaran alluna. Yana ta gogar wani allo, ƙura fari fat a gira, bai ɗago ba. Ya ce in saƙo aka ba ni in mayar. Na ce ba wanda ya aiko ni, kuma ba abin da zan gaya masa, don na yi alkawari. Roƙona ɗaya ne: gobe da yamma Norio zai zauna a benci bayan shagona yana gyaran raga, ya zo ta bayansa, ta hannun dama, ya zage shi son ransa. Ya dube ni ya ce Fumie, zafin nan ya taɓa ki ne? Na ce ya dai zo, zagi ai ba sabon abu ba ne a bakinsa.

Ya zo kuwa. Ina leƙe ta tagar madafa. Ya tsaya taku biyu bayan bencin, ya fara a hankali, ya ce masa marowaci, wanda bai taɓa sayen kakin shafa allo da kansa ba. Ya ce yana hawan igiya kamar agwagwa a kan tire. Ya ƙara murya ya ce ɓarawon igiya, tun suna makaranta yake kwafar amsa a wurinsa kuma duk da haka ya faɗi. Har masu wanka suka leƙo. Ƙaninki kuwa yana ta ɗinkin ragarsa, har da ɗan fito. Sai na ga bakin Tamotsu ya tsaya. Ya kira sunansa sau ɗaya, da muryar da yake kiransa kullum. Shiru. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zagaya ya zauna a gabansa a kan akwatin kifi. Norio ya zabura har allura ta faɗi. Tamotsu ya nuna kunnensa ya tambaye shi da ƙarfi tun yaushe. Norio ya kalli tagata, na yi kamar ina wanke tukunya, sannan ya ce an yi shekara biyu. Tamotsu ya ce masa jaki, babban jaki, ashe gara ya rasa aboki da ya ga likita. Ya ce kuma ya yi asarar zagi mai kyau, duk ya zube a ƙasa ba wanda ya ɗauka. Daga nan na rufe taga, don na ga dukansu biyu suna share fuska.

Tamotsu ne ya kai shi asibiti a motarsa. Likita ya ce za a yi aiki a kankare ƙashin, na dama a watan Nuwamba, na hagu bayan ya warke, kuma ba shiga ruwa sai bazara mai zuwa. Ya ce yawanci ji yana dawowa, amma wannan ya daɗe a rufe, ba zai yi alkawari ba. Lahadin da ta biyo, wajen tsintar shara, Norio ya ajiye buhunsa ya tsaya gaban kowa, har da yaran, ya sunkuya ya ba da haƙuri. Ya ce kurma ne shi, ya ɓoye, ya ji wa mutum ciwo, kuma ba zai ƙara shiga ruwa ba sai likita ya sallame shi. Ba wanda ya sa shi. Tamotsu ya ce shi ma ya ajiye allo har zuwa ranar, tare suka fara tare za su koma.

Sai ga guguwar teku ta wuce can nesa a ƙarshen Agusta, ta turo mana igiyar da ba a gani ba duk bana. Ta fi tsayin mutum, a jere, ba iska, ruwa sumul. Masu koyo duk suka koma kan yashi suna kallo, ruwa ya zama na 'yan gari kamar da. Su biyun suna zaune a kan katanga da shayi mai sanyi. Ranar farko Tamotsu ya daure, amma duk igiyar da ta wuce ba kowa a kanta sai ya yi ajiyar zuciya ya buga cinya. Washegari da asuba Norio ya ɗauko allonsa, wanda ya yi ɓarnar, ya kai wa Tamotsu har katanga ya ɗora masa a cinya. Ya ce ya tashi ya shiga, wannan nishin nasa ko kurma ya dame shi. Tamotsu ya ce ai ya yi rantsuwa. Norio ya ce shi bai ji ba. Tamotsu ya shiga kuwa, ya hau wata doguwa tun daga shinge har gaban shagona, ƙaninki na tsaye kan katanga yana masa ihu wai ya lanƙwasa gwiwa, tsohon banza.

To Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Yara sun shirya, teburin iyaye ɗaya ne, sai dai a sa Tamotsu a hagun Norio, wajen kunnen da ke ɗan ji. Roƙona shi ne in kin zo biki kada ki koma da wuri, ki zauna da mu har a yi wa ƙaninki aikin kunnen. Yana nuna ba komai, amma tsoro yake ji, kin san bai taɓa kwana a asibiti ba, kuma tun rasuwar Inna ba wanda yake jin maganarsa kamar ke. Ɗakin sama a share yake, Chinatsu za ta bar shi. Bai san na rubuto ba, in kin zo kada ki yi masa faɗa da yawa, an riga an yi masa. Shekaranjiya muna zaune a tsakar gida da la'asar ya ce mini bana gyare sun yi saurin daina kuka. Na ce masa suna nan, itacen da ke kanmu ma cike yake da su. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rassan, sannan ya tambaye ni ranar nawa ga Nuwamba likita ya ce.

Ki gaida Yaya Seiji da kyau, ki ce masa har yanzu muna da sauran garin kofin da ya aiko. Ki gaida Emiko da maigidanta, da Kenzo, ki shafa mini kan jikoki. Chinatsu da Ryohei suna gaishe ki, Harumi ma ta ce in gaishe ki, ta ce za ta ajiye miki kifin sardin mai riɗi irin wanda kike so. Ki sanar da mu ranar saukarku, Ryohei zai je filin jirgi ya ɗauko ku. Allah ya kawo ku lafiya.

Taki ƙanwa,
Fumie.