Cibiyar Ɗan Josilene

Yaya Dalvina,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ruwa ya sauka a Crato? Ni lafiya lau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Mun binne 'yata Josilene a nan São Paulo. Kin tuna aikin rage ƙiba da aka yi mata? Da cikinta ya tsufa, hanjinta ya murɗe sanadin wannan aikin. Tana ta amai, a asibiti suka ce mini, "Halin ciki ne, Mama, dafa mata shayi." Kafin su gane, lokaci ya ƙure.

Jaririn ya rayu. Ga cibiyarsa a ƙyalle, ki binne a ƙofar garke kusa da ta uwarsa. An ce cibiya tana kiran mai ita gida. Josilene ba ta samu dawowa ba, ko Allah zai sa shi ya dawo.

Ƙanwarki,
Zuleide